Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya: Asalinta, ikonta da taura biyun da ke bakin ministanta

Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ita ce lauyar gwamnatin Najeriya. Ba kotu ba ce, kuma alƙalai ba sa ƙarƙashinta. Ladabtar da su aikin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a ne. Aikinta shi ne ba gwamnati shawara kan doka, tsara ƙudurorin da ɓangaren zartaswa ke kai wa majalisa, kare gwamnati idan an kai ta ƙara, da gurfanar da waɗanda ake zargi da karya dokokin tarayya. Hukumar NDLEA da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976 domin marasa halin ɗaukar lauya, suna cikin hukumomin da take kula da su.

Sashe na 150 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce Antoni-Janar shi ne babban jami'in doka na ƙasa, kuma minista ne. Sharaɗinsa shekara 10 da zama lauya. Taslim Elias ne ya fara riƙe kujerar bayan samun 'yanci a 1960. Bola Ige yana kanta aka kashe shi a gidansa na Ibadan ranar 23 ga Disamba, 2001. Abubakar Malami ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2023, sannan Lateef Fagbemi ya gaje shi.

Ƙarfin ofishin yana cikin sashe na 174. Antoni-Janar yana da ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe wadda wata hukuma ta shigar, ko janye ta kafin a yanke hukunci. An ga wannan iko a Nuwamban 2024, bayan da wasu yara daga cikin waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa, akasarinsu daga Kano da Kaduna, suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Ƙasa ta ɗauki zafi, Shugaba Tinubu ya ba da umarni, Fagbemi ya karɓi ƙarar daga hannun 'yan sanda, aka janye ta. Yaran sun tsira, amma a lura: umarnin daga fadar shugaban ƙasa ya fito.

Nan ne gizo ke saƙa. Wanda doka ta ɗora wa kare muradin jama'a shi ne kuma ɗan majalisar ministocin da shugaban ƙasa ya naɗa, yake iya sauke shi gobe. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Majalisar Tarayya ta taɓa amincewa da raba muƙaman, amma Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu a gyaran a 2015. Tsohuwar Jihar Arewa ta gwada rabon tun da daɗewa: Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya kuma zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi har rasuwarsa a 2019, ya yi Ministan Shari'a na Arewa daga 1961 zuwa 1966, alhali kujerar Antoni-Janar tana hannun wani dabam.

Ga manomin Funtua ko Bakori, yawancin shari'un yau da kullum, na satar shanu ko faɗan gona, suna hannun Antoni-Janar na Jihar Katsina, wanda sashe na 211 ya ba shi irin wancan iko. Amma hannun Abuja yana isowa. Ma'aikatar tarayya ce ta nemi kotu ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, aka buga umarnin a gazet a Janairun 2022, wanda ya buɗe hanyar gurfanar da masu addabar Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara da dokar ta'addanci.

Ita ce kuma ta maka gwamnoni 36 a Kotun Ƙoli, inda ranar 11 ga Yuli, 2024 aka yanke cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye. Funtua da Malumfashi da Kafur suna cikinsu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma tilasta bin sa yana wuyan ofishin da ya ci shari'ar.