Daren Sha Biyu da Matsolon Attajiri: Yadda Shakespeare Ya Shigo Hausa

Layin makalar wannan makon ya faɗo kaina, na kuma zaɓi in yi magana a kan mutumin da da yawanmu muka rabu da shi dutse a hannun riga tun ranar da muka ajiye biro a jarrabawar WAEC, wato William Shakespeare.

Mu a lokacinmu Othello aka ɗora mana. Mun haddace sunayen 'yan wasa, mun haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya, muka shiga muka juye muka fito. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa an sa wannan mutumin ya yi Hausa tun kafin a haife mu. Sai bayan na shiga ƙungiyar marubuta, ina bin jerin wasannin kwaikwayon Hausa da aka buga, na ci karo da sunaye biyu a tsakanin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu. Na farko Daren Sha Biyu, wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassaro daga Twelfth Night, aka buga a 1971. Na biyu Matsolon Attajiri na Ɗahiru Idris, daga The Merchant of Venice, a 1981. Duka biyun kamfanin NNPC na Zariya ne ya fitar da su. Na zagaya masu sayar da littattafai a Yelwa, na kuma yi cigiya a Birnin Kebbi, ko ɗaya ban samu a kan tebur ba. Wani ma ya ɗauka sabon littafin soyayya nake nema.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, shi kansa wasan da aka mayar Daren Sha Biyu saura ƙiris ya ɓace a can garinsu. Shakespeare ya mutu a 1616 bai tattara wasanninsa ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su suka bi takardu suka haɗa wasanni 36 a kundi ɗaya a 1623. Guda 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan, kuma a cikinsu akwai Macbeth da Julius Caesar da wannan Twelfth Night ɗin. An buga kwafi wajen 750, yau an san inda kimanin 235 suke, ɗaya ma an sayar da shi kusan dala miliyan 10 a 2020. Waɗannan mutanen biyu ba marubuta ba ne, 'yan wasa ne da suka ƙi yarda aikin abokinsu ya bi shi kabari.

Daga nan kowane zamani sai ya sake ɗinka masa riga. A 1709 Nicholas Rowe ya fitar da bugu na farko mai zane-zane. A 1789 wani attajirin Landan mai suna John Boydell ya buɗe gida guda don hotunan wasannin kawai, ya ɗauki manyan masu zane irin su Joshua Reynolds da Henry Fuseli, aka zana masa hotuna sama da 160, yana buga kwafinsu a takarda yana sayarwa tare da littattafan. Yaƙi da Faransa ya toshe masa kasuwar ƙetare, bashi ya yi masa katutu, a 1805 aka rabar da kayan ta hanyar cacar ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa zuba kuɗin adashinsa a bango mai tsada ya san zafin wannan labarin.

Amma bugun da ya fi yin tafiya mai nisa shi ne mafi arha. A 1807 Charles Lamb da yayarsa Mary suka mayar da wasanni 20 zuwa gajerun labarai na zube don yara. Mary ta rubuta 14, Charles 6, amma sunansa kaɗai aka sa a bango, aka daɗe kafin nata ya hau. ('Yan uwa mata na wannan zauren, na san kun ji wannan.) Ta irin waɗannan sauƙaƙan labarai ne yaran makaranta da yawa a ƙasashen da Ingila ta mallaka suka fara sanin Shakespeare.

A Afirka kuwa, waɗanda suka fara ɗaukar cikakkun wasannin suka kai harsunansu, da manufa suka yi. Sol Plaatje na Afirka ta Kudu ya buga fassarar The Comedy of Errors da harshen Setswana a 1930, a lokacin da ake raina harsunan baƙar fata. Julius Nyerere yana kan kujerar shugabancin ƙasa ya fitar da Julius Caesar da Swahili a 1963, sannan The Merchant of Venice a 1969. Namu biyun sun zo ne a bayan waɗannan, lokacin da NNPC, wanda aka kafa a 1966, ke neman littattafan da makarantu za su karanta. A shekarun ne kuma Bala Abdullahi Funtuwa ya kawo Gandun Dabbobi daga littafin George Orwell.

To, yau ba cikin littattafan biyu zan shiga ba. A kan bangonsu zan tsaya, don sunayen kaɗai sun ishe mu darasin mako guda.

Mu ɗauki na 1981. Ga wanda bai san labarin ba: Antonio ɗan kasuwa ne a birnin Benis, dukiyarsa duk tana kan jiragen ruwa. Abokinsa Bassanio yana neman kuɗin neman auren Portia. Antonio ya tsaya masa aka karɓo zinari 3,000 a wajen Shylock, Bayahude mai ba da bashi da ruwa, na wata uku, bisa sharaɗin in wa'adi ya cika ba a biya ba za a yanki laba ɗaya, kusan rabin kilo, ta naman jikin Antonio. Labari ya zo cewa jiragen sun nutse. Portia ta yi shigar lauya namiji ta shiga kotu, ta ce a yanki naman, amma kada ɗigon jini ya zuba tunda ba a rubuta jini a takarda ba.

A sunan Turancin, ɗan kasuwar da ake nufi Antonio ne, wanda ya ci bashin. Nyerere ya sa wa nasa Mabepari wa Venisi, ma'ana 'yan jari-hujjan Benis, jam'i, shekara biyu bayan ya shelanta tsarin gurguzunsa na Ujamaa a Arusha. Wato a wajensa da mai bashin da masu cin bashin duk kanwar ja ce. Ɗahiru Idris kuma ya juya fitilar gaba ɗaya kan Shylock, ya kira shi matsolo. Wasa ɗaya, suna uku, hukunci uku, tun mai karatu bai buɗe shafin farko ba.

Akwai abin da na yaba a sunan Hausar. Bai ambaci ƙabila ko addini ba, hali ya ambata, alhali a Ingila tun 1598 an yi wa wasan rajista da laƙabi na biyu mai cewa Bayahuden Benis. Bahaushe kuma ya san marowaci, tatsuniyoyinmu da waƙoƙin maroƙa cike suke da shi, don haka sunan zai ja mai saye. Amma ina da ja, da dukkan girmamawa ga magabaci. A kotu an miƙa wa Shylock ninkin kuɗinsa ya ƙi karɓa. Wane matsolo ne zai ga 6,000 a madadin 3,000 ya kau da kai? Abin da ke cin mutumin nan ƙullaci ne: Antonio ya sha tofa masa yawu a bainar jama'a, 'yarsa Jessica ta gudu da saurayi ta kwashe masa dukiya. A ƙarshe kuma aka ƙwace abin da ya mallaka aka tilasta masa barin addininsa. Wanda ya shiga labarin da kalmar matsolo a kansa zai yi dariyar faɗuwarsa cikin sauƙi, ni kuwa ban ga wurin dariya sosai a nan ba.

Na 1971 kuma akasin haka ne, an bi sunan kalma da kalma. A Ingila dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti shi ne rufe bukukuwa, daren ci da sha da barkwanci, inda bara kan yi wasan zama ubangida. Sunan yana gaya wa ɗan kallo cewa ya shirya ganin duniya a kife. Amma ka ce wa mutumin Yauri ko Kano daren sha biyu, ina hankalinsa zai tafi? Sha biyu ga Rabi'ul Awwal, daren Mauludi. Fassarar daidai take, ba kuskure ko ɗaya, amma ƙamshin da sunan ke ɗauke da shi ya canza a hanya. Ni dai ina son sunan, yana da daɗin faɗa, sai dai yana nuna mana cewa ko ka rantse ba za ka taɓa komai ba, harshen da kansa zai taɓa.

Kada wani ya ce to ai wannan ɓata aikin mai aiki ne. Shi ma Shakespeare ɗin aro ya yi. Labarin laba ɗaya ta nama yana cikin wani littafin Italiya mai suna Il Pecorone da aka buga a 1558. Labarin yarinyar da ta yi shigar maza ya same shi a wajen Barnabe Riche, 1581. Haka Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, har yau ba mai karanta shi ya ji baƙon ƙamshi. Bambancin wannan da abin da muke fama da shi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda za a kwashe fim ɗin Indiya ko na Koriya a canza sunaye a ce ƙirƙira ce, abu biyu ne. Su Yahaya da Idris ba a ɓoye tushen aikinsu ba. Sannan mai aron kirki yana zama ya yi shawara a kan kowane abu: wannan zai wuce a wurinmu, wannan ba zai wuce ba. Ga masu son fim ɗin Indiya, Omkara na 2006 Othello ne, Haider na 2014 kuma Hamlet, kuma mai shirya su Vishal Bhardwaj bai taɓa ɓoyewa ba.

Misali mafi daɗi na irin wannan shawarar a Nijeriya ya faru. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Laura Bohannan, ta ba dattawan Tibi labarin Hamlet, ta rubuta yadda aka kwashe a 1966. Ta zaci kowa a duniya zai fahimce shi iri ɗaya. Dattawan suka ce ƙanin da ya auri matar wansa bayan rasuwarsa ai daidai ya yi. Suka ƙi yarda da fatalwa. Da aka zo kan nutsewar Ophelia suka ce ruwa ba ya cin mutum haka kawai, da hannun maye. Suka gyara mata labarin tsaf, suka sallame ta.

Wannan batun ruwan shi ya dawo da ni gida. Twelfth Night da haɗarin jirgi ya fara. Viola ta tsira ta fito gaɓar wata ƙasa, tana zaton tagwaininta Sebastian ya nutse. A aji, wannan dabarar buɗe labari ce kawai, a wuce. A bakin tafkin Kainji ba haka ba ne. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya kife, waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne. Allah ya jiƙansu. Mun san yadda ake tsayuwa a bakin ruwa ana jiran masunta su dawo da labari. Kakannin wasunmu kuma sun bar gungunansu a 1968 da madatsar ruwa ta cika. Shi ma marubucin tagwaye ya haifa, mace da namiji, namijin ya rasu yana ɗan shekara 11 a 1596, 'yan shekaru kafin ya rubuta wasan da 'yar uwa ke samun tagwaininta da rai a ƙarshe. Haka Antonio, da dukiyarsa ke kan ruwa ga bashi a wuya, duk mai lodin albasa ko busasshen kifi a jirgi ya san irin barcinsa. Da za a yi wa waɗannan wasannin bugu mai zane a nan, mai zanen ba ya buƙatar leƙa hotunan Boydell. Ya je bakin ruwa ranar kasuwa, ko ranar Rigata.

Hanyar a buɗe take, don wasannin sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ba wanda za ka nemi izininsa. Fassarorin su Yahaya da Idris ne ke da masu su, waɗannan ba a taɓa su sai da izini. Ina roƙon duk wanda ke da kwafin ɗayansu, ko a akwatin mahaifinsa ko a ɗakin karatun wata tsohuwar makaranta, ya sanar da mu a nan, ko hoton bangon ne mu gani.

Ni kuma na gwada fitowa ta farko da kaina, na mayar da tagwayen Hasana da Usaini, na fito da Hasana a gaɓar wani ƙauye a ƙasar Shanga. Shigar maza ba ta ba ni wahala ba, yarinyar da ba ta da kowa a baƙon wuri tana da dalilinta. Inda na maƙale shi ne Olivia, wadda Hasana za ta je wa saƙon soyayyar ubangidanta. A asalin wasan ta yi alwashin rufe fuskarta shekara bakwai ba ta kula maza saboda rasuwar ɗan uwanta. A wurinmu zaman makokin ɗan uwa kwana uku ne, takaba kuma ta miji ce, wata huɗu da kwana goma. In na mayar da ita mai takaba, aika mata saƙon neman aure ƙarara ya zama abin da mai karatu ba zai yafe wa basaraken ba, ga shi kuma na rasa abin da ya haɗa ta da Hasana, wato kowaccensu kukan ɗan uwa take yi. In na bar ta yadda take, ba wanda zai yarda gidansu sun zuba mata ido shekara bakwai. Sati uku ke nan takardar tana nan a buɗe a wannan wurin.