Wace Hausa ce Kiristocin Nijar suka yi addini da ita?

Tambayar da muke son dubawa a nan ƙarama ce: lokacin da Bahaushen Nijar ya shiga addinin Kirista, da waɗanne kalmomi ya kira Ubangijinsa, kuma daga ina ya samo su?

Ƴan mishan na Sudan Interior Mission sun sauka Damagaram a shekara ta 1924, ƴan shekaru bayan haka suka kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Zaɓen Tsibiri yana da dalili. Gari ne na Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, fadarsa tana da Inna, uwar ƴan bori, ƙauyukan kewaye kuma cike suke da arna masu yanka wa iskoki. Turawan sun zaci cikin waɗannan arnan za su samu mabiya.

Amma harshen da suka zo da shi bai fito daga bakin arna ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, an fassara shi ne a Arewacin Nijeriya, inda irin su Dokta Walter Miller na Zariya suka koyi Hausa wurin malamai. Saboda haka Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, ruhu, duk daga taskar Musulunci aka ɗauko su. Iskokin da manomi yake roƙo albarkar gona sai suka koma aljanu, abin kora. Bamaguje ko ba'arne da ya tuba sai ya bar dubu da buɗin daji, ya koyi magana irin ta maƙwabcinsa Musulmi. A ganinmu wannan ne abin da masu nazari suka fi tsallakewa: ikilisiya ma ta taimaka wajen raba Bahaushe da al'adun gargajiyar da jihadi bai kawar ba.

Wuri ɗaya aka ja layi. Ba a ce Isa ba, aka ce Yesu. Fassarar 1932 ta rubuta Yesu Kristi, sabuwar fassarar da ta biyo baya ta mai da shi Yesu Almasihu, wato an matso rabin hanya aka tsaya. Mai sauraro a kasuwar Maraɗi zai ji Almasihu ya gane, ya ji Yesu ya ɗauka baƙo ne.

Wannan baƙuncin bai rabu da su ba, duk da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, inda yawancin marasa lafiya Musulmi ne. Ranar 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen wata jarida ta birnin Pari, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ana ɗaukar su gidajen Faransa. Ga wanda ya san tarihi abin akwai ɗaure kai: gwamnatin mulkin mallaka ba ta taɓa sakin jiki da waɗannan ƴan mishan masu Ingilishi ba, zarginsu take da yi wa Ingila aiki. Cikin littattafan da suka ƙone a majami'un akwai na Hausa, masu sunan Allah tun daga layin farko.