Akwatin Zaɓe a Bakin Daga

Ranar 23 ga Agusta, 1864, Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya shiga taron ministocinsa riƙe da wata 'yar takarda da ya naɗe ya liƙe bakinta. Ya ce kowa ya sa hannu a bayanta, bai kuma bar kowa ya leƙa cikinta ba. Suka sa. Sai bayan zaɓe ya warware ta ya karanta musu. Ashe abin da ya rubuta shi ne, ga dukkan alamu zai sha kaye a watan Nuwamba, kuma in haka ta faru zai haɗa kai da wanda ya kayar da shi domin a ceto ƙasar kafin ranar miƙa mulki.

Yana da dalilin fargaba. Yaƙin basasa ya shiga shekara ta huɗu, jama'a sun gaji da binne 'ya'yansu. A watannin Mayu da Yuni kaɗai, rundunar Janar Grant ta yi asarar mutum fiye da 50,000 a Virginia, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata. Abokin karawar Lincoln kuwa shi ne George McClellan, janar ɗin da shi Lincoln ɗin ya tuɓe a 1862, mutumin da ƙananan sojoji ke ƙauna. A ƙarshen Agusta jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a Chicago, ta ce yaƙin ya gaza, a tsagaita wuta. Ba su gama watsewa ba labari ya iso cewa Janar Sherman ya kama birnin Atlanta ranar 2 ga Satumba. Kiɗa ya canza, rawa ta bi shi. Ranar 8 ga Nuwamba Lincoln ya sami ƙuri'un wakilan jihohi 212, McClellan ya tashi da 21, daga jihohi uku kacal. A cikin ƙuri'un sojoji da aka ƙirga daban, kusan kashi 78 cikin 100 sun juya wa tsohon janar ɗinsu baya.

Wannan labari shi ake tonowa duk lokacin da gardama ta tashi kan zaɓe a tsakiyar yaƙi. An sake tono shi a Fabrairun 2025, lokacin da Donald Trump ya kira Volodymyr Zelensky na Yukiren ɗan kama-karya da ya ƙi yin zaɓe. Masu goyon bayan Trump suka ce ai Lincoln ya yi, Roosevelt ma ya yi a 1944. Masu kare Zelensky suka ce ai Churchill bai yi ba. Kowa ya shiga rumbun tarihi ya ɗebo damin da ya dace da buƙatarsa.

Sai dai zaɓen 1864 ba na dukan Amurka ba ne. Jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle ba a ƙirga da su ba, kuma a ƙasarsu ake gwabza akasarin faɗan. Manomin Ohio ya hau dokinsa ya je rumfa ya dawo ba tare da ya ji ƙarar igwa ba. Mata ba su da ƙuri'a. Baƙaƙen fata kusan 180,000 sun sa kayan sojan Arewa a wannan yaƙi, amma in ban da 'yan ƙalilan babu wanda doka ta ba damar zaɓe. Lincoln ɗin ma bai zauna ya rungume hannu ba. Jihar Indiana ta hana sojojinta jefa ƙuri'a a sansani, sai ya rubuta wa Sherman yana roƙon a ba wasunsu hutu su koma gida don zaɓen jihar na Oktoba. Nevada kuwa an yi mata gaggawar zama jiha ranar 31 ga Oktoba, kwana takwas kafin zaɓe, har kundin tsarin mulkinta ta wayar tangaraho aka aika Washintan don kada a makara.

Birtaniya ta bi wata hanya, kuma ta bi ta ne bayan ta ɗanɗana ta farkon. A 1900, ana tsakiyar yaƙi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, sojojinta suka kama Pretoria a watan Yuni. Firaminista Lord Salisbury ya ga kasuwa ta yi kyau, ya rushe majalisa tun saura kusan shekara biyu wa'adinta ya cika, ya kira zaɓe yana nuna wa mutane cewa yaƙi ya zo ƙarshe. Ya ci da gagarumin rinjaye. Yaƙin kuwa bai ƙare ba sai a Mayun 1902. Aka raɗa wa wannan zaɓe suna zaɓen kaki, kakin nan dai da muka sani na soja, kuma har yau sunan na bin duk zaɓen da mai mulki ya shirya don ya ci moriyar zafin yaƙi. Cikin sababbin 'yan majalisar da suka shigo a wannan guguwa har da wani matashi da ya yi suna bayan ya tsere daga hannun Boer, Winston Churchill.

Da manyan yaƙe-yaƙen duniya suka zo, Birtaniya ta kulle akwati. Daga Disambar 1910 ba a sake babban zaɓe ba sai Disambar 1918. Faransa, wadda Jamusawa suka mamaye arewa maso gabashinta, ta zauna daga 1914 har Nuwamban 1919. A yaƙin Hitila kuwa, majalisar da aka zaɓa a 1935, wadda ya kamata ta tashi a 1940, ta riƙa ƙara wa kanta wa'adin shekara guda guda har ta yi kusan goma. A wurinmu da an kira shi tazarce. Abin da ya hana a kira shi haka can shi ne 'yan adawa suna cikin ɗakin da aka yanke shawarar. Churchill ya hau kujera ranar 10 ga Mayu, 1940, ba tare da babban zaɓe ba, ya kafa gwamnatin haɗaka, shugaban jam'iyyar Labour Clement Attlee ya zama mataimakinsa daga baya. Kuma ba wanda zai ce mutane su yi layi a titin Landan alhali bama-baman Jamus sun kashe farar hula fiye da 40,000 a ƙasar tsakanin Satumban 1940 da Mayun 1941. Duk da haka ba a daina zaɓen cike gurbi ba. Manyan jam'iyyu sun yi yarjejeniyar ba za su kara da juna ba, amma 'yan takara masu zaman kansu da wata ƙaramar jam'iyya mai suna Common Wealth suka riƙa ƙwace kujeru daga hannun masu ra'ayin mazan jiya. Mai lura ya ga inda iska ta dosa.

Wanda yake son ganin yadda ake murɗe zaɓen yaƙi da sunan doka, ya leƙa Kanada ta 1917. Firaminista Robert Borden yana son tilasta wa matasa shiga soja, masu magana da Faransanci na lardin Quebec sun ƙi. Wuƙa da nama suna hannunsa, sai ya fara da gyara jerin masu zaɓe. Wata doka ta ba mata ƙuri'a a matakin tarayya, amma matan sojoji kaɗai da uwayensu da 'yan uwansu mata da 'ya'yansu, wato waɗanda ke addu'ar a tura wa nasu ɗauki. Dokar ta kuma ƙwace ƙuri'ar waɗanda aka haifa a ƙasashen abokan gaba in sun zama 'yan ƙasa bayan 1902, da ta masu ƙin ɗaukar makami saboda addininsu. Wata dokar ta ce soja a fagen daga yana iya zaɓen “gwamnati” ko “adawa” kawai, kuma in bai ambaci mazaɓarsa ba ana iya kai ƙuri'arsa inda aka ga tana da amfani. Ranar 17 ga Disamba Borden ya kwashe kujeru 153, madugun adawa Wilfrid Laurier ya sami 82, kuma 62 daga cikinsu na Quebec ne. An yi zaɓe, an ƙirga, babu wanda ya saci akwati. Ƙasar dai ta fito a tsage gida biyu.

Ƙuri'ar soja ita ce ƙashin da ake faɗa a kansa kusan kowane lokaci. A Amurka ta 1942 an yi dokar da ta yafe wa sojoji harajin zaɓe, amma an makara, ƙasa da 30,000 suka jefa ƙuri'a ta wannan hanya cikin miliyoyi. Da 1944 ta gabato, 'yan majalisar jihohin Kudu suka yi tsaye kan cewa gwamnatin tarayya ba za ta raba wa sojoji takardar ƙuri'a ta bai-ɗaya ba, don sun san baƙaƙen sojojin da suka hana zaɓe a gida za su shigo ta nan. Roosevelt ya ci wa'adinsa na huɗu da ƙuri'un wakilai 432, Thomas Dewey ya sami 99, a ƙasar da manyan tekuna biyu suka raba ta da fagen daga.

Birtaniya ta buɗe akwati ranar 5 ga Yuli, 1945, ana kan yaƙi da Japan. Ba a ƙirga ba sai 26 ga wata, don a jira ƙuri'un sojojin da ke warwatse a duniya. Churchill ya baro taron Potsdam ya zo jin sakamako, sai ya tarar Labour ta lashe kujeru 393 cikin 640. Attlee ne ya koma Potsdam ya ƙarasa zaman da shugabannin ƙawayen Birtaniya, Stalin da Truman. Akwai abin da ba a cika faɗa ba a wannan labari: a fagen yaƙin ƙasar Bama, inda aka tattaro wasu daga cikin ƙuri'un nan, akwai runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewacin Nijeriya, har Hausa ta zama harshen bariki. Hafsoshinsu Turawa suna da bakin magana kan wanda zai mulki daular. Su da suka sha dajin da sauron ba wanda ya tambaye su.

Yaƙe-yaƙen baya-bayan nan sun nuna cewa jefa ƙuri'a ƙarƙashin wuta abu ne mai yiwuwa, abin da ake samu daga ciki ne ya bambanta. Iran ta yi zaɓen shugaban ƙasa sau biyu a 1981 tana yaƙi da Iraƙi: aka zaɓi Muhammad Ali Rajai a Yuli, bam ya kashe shi ranar 30 ga Agusta, aka zaɓi Ali Khamenei a Oktoba, amma sai wanda hukuma ta tantance ke tsayawa. Isra'ila ta ɗage zaɓenta na 1973 daga ƙarshen Oktoba zuwa 31 ga Disamba saboda yaƙi. Iraƙi ta yi zaɓe ranar 30 ga Janairu, 2005, ƙarƙashin mamayar Amurka, duniya ta ga hotunan yatsu masu tawada, amma a lardin Anbar na 'yan Sunni kimanin kashi 2 cikin 100 suka fito, kuma majalisar da ta fito daga wannan zaɓe ita ta rubuta kundin tsarin mulki. Mu ma nan mun taɓa kaɗan: a 2015 shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Attahiru Jega, ya sanar da ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda Boko Haram, 'yan gudun hijira suka jefa tasu a cibiyoyi na musamman, kuma mai ci ne ya faɗi.

Rasha ta yi nata daga 15 zuwa 17 ga Maris, 2024, har a yankunan Yukiren da ta mamaye. Ɗan adawa Alexei Navalny ya mutu a kurkuku wata guda kafin nan, an hana Boris Nadezhdin mai adawa da yaƙin tsayawa, aka ba Putin kashi 87. Salisbury da Borden ma da sun gani da sun ji kunya.

Ita Yukiren ba baƙuwar zaɓe cikin yaƙi ba ce. Ta zaɓi Petro Poroshenko ranar 25 ga Mayu, 2014, ana faɗa a Donbas, Kirimiya tana hannun Rasha. A zaɓen majalisa na Oktoban shekarar an bar kujeru 27 cikin 450 babu kowa a kansu, don ba a iya shiga mazaɓunsu ba. Ta sake yi a 2019, Zelensky ya kayar da Poroshenko da kashi 73. Wannan shi ne irin na Lincoln: wuta a gefe guda, sauran ƙasa na iya yin layi. Abin da ya biyo bayan babban farmakin da Rasha ta ƙaddamar ranar 24 ga Fabrairu, 2022, daban ne. Yankin da ke hannun Rasha ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, mutum kimanin miliyan 6 sun tsallaka iyaka, wasu miliyoyin sun bar gidajensu a cikin ƙasa, makami mai linzami kuwa yana kaiwa har Lviv da ke can yamma. Dokar ta-ɓacin yaƙi ta ƙasar, wadda ta riga Zelensky hawa mulki, ta haramta zaɓe muddin tana aiki, shi ya sa na majalisa na Oktoban 2023 da na shugaban ƙasa na Maris 2024 suka wuce ba a yi ba.

Mai kwatanta wannan da Amurka ta 1864 ko ta 1944 ya manta inda bama-bamai suke faɗowa. Birtaniya ta 1940 ta fi kusa, amma wanda ya ari rigar Churchill sai ya ɗauki bashin da ke cikin aljihunta. Churchill ya raba kujerun minista da abokan adawarsa, abin da Zelensky bai yi ba. A Nuwamban 2023 ɓangarorin majalisar Yukiren sun amince cewa ba za a yi zaɓe ba sai aƙalla wata shida bayan ɗage dokar ta-ɓaci. Tsakanin ranar da aka yi bikin miƙa wuyan Jamus da ranar da Birtaniyawa suka shiga rumfa kuwa, kwana 58 ne.