Kuskuren Ma'aikaci da Ɗora Alhaki a Binciken Haɗarin Wurin Aiki: Nazarin Gobarar Matatar Teksas Siti

Tsakure: Maƙalar ta nazarci fashewar da ta auku a matatar man kamfanin BP ta Teksas Siti, a Amurka. Ta nuna cewa binciken da ya tsaya a kan kuskuren ma'aikaci yakan bar musabbabin haɗari a inda yake, kuma halin da mutum ya nuna shi ya kamata ya zama ma'aunin hukunci.

Ranar 23 ga Maris, 2005, ana cikin tayar da wani sashe na matatar bayan gyara, sai hasumiyar tace mai ta cika ta batse, man ya yi ambaliya ta wani bututun fitar da tururi, wuta ta kama. Mutum 15 suka rasu, kimanin 180 suka jikkata. Kamfanin ya ɗora laifin a kan masu kula da injin, ya sallami wasunsu, kuma gaskiya ne sun saɓa wa rubutacciyar ƙa'ida. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton Hukumar Binciken Haɗurran Sinadarai ta Amurka na 2007 ya gano cewa ma'aunin da ma'aikacin da ke kula da hasumiyar ke kallo yana nuna man na raguwa alhali hauhawa yake yi, ƙararrawa ta biyu da za ta ankarar da shi ba ta kaɗa ba, gilashin leƙen hasumiyar kuma ya yi dauɗar da ba a ganin komai. Ma'aikatan sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin awa 12. Ɗakunan wucin gadi da mamatan, waɗanda 'yan kwangila ne, ke ciki, shugabanni ne suka bari aka ajiye su dab da bututun, kamar yadda su ne suka zaftare kasafin kuɗi da kashi 25 cikin 100 a 1999.

James Reason, a littafinsa na 1997, ya kawo wani gwaji mai amfani a nan: da an sa wani ma'aikaci mai irin wannan horo a wannan kujera, da zai yi abin da na farko ya yi? A Teksas Siti amsar a fili take, domin an sha cika hasumiyar fiye da ƙa'ida a lokutan tayar da ita na baya, ba wanda ya tsawatar. Abin da kowa ke yi da sanin na sama, korar mutum ɗaya ba ta raba ma'aikata da shi.

Masu suka za su ce wannan hanya tana koya wa ma'aikata sakaci, tunda kowa zai laɓe bayan tsari. Ƙorafin yana da ƙarfi, musamman a bakin iyalan mamata, kuma bai dace a yi watsi da shi ba. Sai dai tsarin da David Marx ya shimfiɗa a 2001 bai yafe komai ba. Ya raba kuskuren da ba a nufa ba, da kauce wa ƙa'ida bisa zaton babu haɗari, da ganganci, wanda hukunci ya wajaba a kansa ko da ba wanda ya ji rauni. Akwai kuma hujja daga sufurin sama a kan amfanin fito da kuskure fili. Jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya afka wa tsauni a jihar Bajiniya ta Amurka ranar 1 ga Disamba, 1974, mutum 92 suka halaka, bayan makonni shida da matuƙan kamfanin United suka tsallake rijiya da baya a wuri guda, labarin bai isa ga matuƙan sauran kamfanoni ba. Wannan ya haifar da shirin kai rahoto a asirce da hukumar NASA ke gudanarwa tun 1976, inda ake sassauta wa wanda ya bayyana kuskurensa cikin kwana 10, muddin ba da gangan ya yi ba kuma ba laifi ne na shari'a ba. Matsalar da ta rage ita ce wa zai ja layi tsakanin kuskure da ganganci. A ganin wannan nazari, bai kamata a bar shi a hannun shugaban da shawararsa ke cikin abin da ake bincika ba.