Na'urar Rarraba Intanet ta Iska: Fitilunta da Yadda Ake Sarrafa Ta

Wannan na'ura ita ce ɗan akwatin nan da ake kafawa a bangon ofis, asibiti ko makaranta. Tana karɓar intanet ta waya, sa'annan ta watsa shi ta iska zuwa kwamfutoci da wayoyin hannu, wato abin da ake kira Wi-Fi. Sau da yawa akan ɗauko mai gyara tun daga birni a kan matsalar da fitilun na'urar suka riga suka nuna, shi ya sa muke jawo hankalin jama'a gare su.

Fitilar da aka rubuta wa PWR ita ce ta lantarki. Idan ta mutu, a fara duba soket da caja. Ta LAN tana nuna cewa wayar da ta shigo daga babbar na'ura ta zauna daram, ta WLAN kuma tana nuna ana watsawa. Ƙiftawar waɗannan biyun ba lalacewa ba ce, saƙonni ne ke kai da kawowa. Akasari kore lafiya ke nan, ja ko ruwan goro kuwa matsala, amma ma'anar launi takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a adana littafin na'urar. Idan duka suna ci amma babu intanet, galibi matsalar daga kamfanin sadarwa take, ko kuɗin da aka saka ya ƙare.

Ana sarrafa na'urar ta shafinta, wanda ake buɗewa da kwamfuta ta wata lamba da ke rubuce a jikinta, misali 192.168.0.1. A nan ake sauya suna, a ga masu amfani da ita, a kuma sabunta manhajarta. Abu mafi muhimmanci a wurinmu shi ne jami'in da aka damƙa wa ita ya sauya kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko. Tsarin tsaro na WEP an gano rauninsa tun 2001. A zaɓi WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018, da kalmar sirri mai haruffa takwas ko fiye.

Akwai wani ɗan maɓalli a baya mai suna Reset. Danne shi na kimanin daƙiƙa goma yana goge duk saitin da aka yi, har da kalmar sirri. Idan na'urar ta tsaya, a cire ta daga wuta a mayar tukuna, kada a taɓa shi sai da sanin jami'in.