Wa ke riƙe da makirfo? Daga Gwamna Macpherson zuwa Badeggi FM

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya bayan an tashi daga ofis muna zaune a teburin mai shayi nan cikin garin Zuru, sai musu ya kaure tsakanin abokaina biyu. Ɗaya ya ce abin da gwamnatin Kano ta yi a watan Mayun 2025, na hana shirye-shiryen siyasa kai tsaye a rediyo da talabijin, daidai ne, ya ma kamata kowace jiha ta kwaikwaya, don zagin da sojojin baka ke yi ya wuce gona da iri. Ɗayan ya ce ai wannan toshe bakin talaka ne kawai, ya kawo misalin Badeggi FM ta Minna da Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufewa a farkon Agustan shekarar. Abin da ya ba ni dariya, na san su biyun tun kafin zaɓen 2015, kuma a wancan lokacin mai neman a rufe baki yau shi ne ke kukan an hana jam'iyyarsa magana. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da katin kowa, don haka na sha shayina na yi shiru. Da na dawo gida sai na ga gara in rubuto inda abin ya samo asali, don rigimar nan ta girmi Najeriya mai 'yanci.

A ƙarshen Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 gaban majalisar Legas. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar shi sai lokacin da ya dace. Majalisa ta hargitse, 'yan Action Group suka fice, ministocinsu suka ajiye aiki. Gwamna John Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnati, wanda shi kaɗai ne a ƙasar, ya caccaki jam'iyyar. Awolowo ya ce to a ba shi lokaci shi ma ya mayar da martani. Aka hana shi. Wannan hanin ne ya sa da aka zo tsarin mulkin 1954 aka yarda kowane yanki zai iya kafa gidan yaɗa labarai nasa. Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, Gabas ta bi a 1960, Arewa ta buɗe rediyo da talabijin na Kaduna a 1962.

Ku lura da abin da ya faru fa. Mutumin da aka hana makirfo bai tsaya neman a riƙa raba lokaci daidai a gida ɗaya ba, sai ya tafi ya gina nasa gidan. Kowa ma haka ya yi. Daga nan kowace tasha ta zama kakakin jam'iyyar da ke mulkin yankinta. A nan Arewa 'yan NEPU sun sha kukan cewa Rediyon Kaduna na NPC ne, kamar yadda 'yan adawar Yamma ke kuka da na Ibadan. Tun daga lokacin muka tashi da tunanin cewa gidan rediyon gwamnati kayan mai mulki ne, kamar motar ofis.

Soja sun zo sun tattara komai a hannunsu. Suka haɗe gidajen talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, suka sake fasalin rediyon tarayya ya zama FRCN a 1978. Da farar hula suka dawo a 1979 sai aka koma gidan jiya. Jihohin da ba na NPN ba suka ga NTA ba ta yi da su, sai Jakande ya kafa talabijin ɗin jihar Legas, Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yau ake kira ARTV. Mu nan Zuru a lokacin muna tsohuwar jihar Sakkwato, jihar Shugaba Shagari, gwamna na NPN, tarayya ta NPN, saboda haka ko Rima ka murɗa ko Kaduna, kusan kiɗa ɗaya za ka ji.

Mahaifina tsohon soja ne, kamar iyayen da yawa daga cikinmu a ƙasar nan. Yana da wata rediyo mai rigar fata da ba mai taɓa ta sai shi. In an gama labarun Kaduna sai ya ce, to mun ji na gida, bari mu ji abin da London za ta ce. Ya murɗa BBC, wani lokaci ya ƙara da Jamus. Ina yaro na ɗauka son rediyo ne kawai. Sai da na girma na gane dattijon daidaito yake nema da hannunsa, tunda ba a ba shi a tasha ɗaya ba.

Babban sauyi ya zo a 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi. Babangida ya sa hannu a doka mai lamba 38 wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, ta kuma kafa hukumar NBC don ta sa ido a kansu. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003. Duk wanda ya saurari shirye-shiryen siyasar Kano a shekarun nan ya san abin da ya canza: ɗan kasuwar Sabon Gari zai fito ya kira sunan kwamishina ya ce ya yi ba daidai ba, kuma gari ya waye lafiya. A nan ne kuma sana'ar sojojin baka ta bunƙasa, a sayi minti biyar a ci mutuncin uban wani. Duka biyun tare suka zo.

To me doka ta ce? Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Amma a cikin sashen aka ce ba mai mallakar rediyo ko talabijin sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda shugaban ƙasa ya amince masa. Jarida ba ta da wannan takunkumin. Dokar NBC kuma ta hana a ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Sai Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 95, da ta ce kada a yi amfani da kafofin gwamnati don fifita wata jam'iyya ko ɗan takara, a raba lokaci daidai, a kuma sa'o'i masu daraja ɗaya. Wato ba a sa gwamna ƙarfe takwas na dare a jefa ɗan adawa ƙarfe biyu na sulusin dare ba. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai akwai sharaɗin biyan kuɗin lokacin, kuma mun san wanda aljihunsa ya fi zurfi. Sannan labarin "mai girma gwamna ya ƙaddamar da rijiyar burtsatse" ba a lissafa shi cikin kamfe, ko da saura mako ɗaya a kaɗa ƙuri'a.

Inda gizo ke saƙar shi ne alƙalin wasan. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban NBC, shi ne kuma mai amincewa da lasisi. Kafin zaɓen 2015, lokacin PDP na mulki, AIT da NTA sun yi ta nuna wani shiri na ɓata Buhari, 'yan APC suna ta kururuwar ina NBC take. Mulki ya juya. A watan Yunin 2019 NBC ta dakatar da lasisin AIT da Raypower, sai kotu ce ta ce a buɗe su. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A farkon 2022 aka dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM. A Agustan 2022 aka ci Trust TV tarar miliyan 5 kan shirin da ta yi game da 'yan bindiga. Wannan na ƙarshen ya tsaya min a rai, don mu da ke da 'yan uwa a Danko/Wasagu da Sakaba ba a talabijin muka san 'yan bindiga ba. Hujjar hukumar ita ce shirin ya kambama 'yan ta'adda. Ni kuwa ban ga ƙauye ɗaya da ya samu barci saboda an ci gidan talabijin tara ba. A Maris na 2023 kuma Channels ta sha tarar miliyan 5 saboda hirarta da Datti Baba-Ahmed.

Don adalci, NBC takan taɓa na gwamnati ma. A ranar 1 ga Maris 2019 ta ci tashoshi 45 tarar naira 500,000 kowacce kan saɓa ƙa'idar zaɓe, har da NTA. Amma tarar NTA ai cirewa ne daga aljihun dama a sa a na hagu. Wannan tarar ce ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai kotu, kuma a ranar 10 ga Mayu 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Hukuma ɗaya ba za ta zama mai ƙara, mai bincike, kuma alƙali ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na maƙwabtanmu Zamfara. A tsakiyar Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe tashoshi a Gusau saboda sun ɗauki taron PDP na Dauda Lawal, alhali ta hana tarukan siyasa da sunan tsaro. Cikin waɗanda aka rufe har da NTA Gusau da Pride FM, duka na gwamnatin tarayya, wadda jam'iyyarsu ɗaya da gwamnan! A nan NBC ta fito ta ce gwamna ba shi da wannan hurumin, kuma ta yi daidai. Bayan wata biyar Dauda Lawal ya ci zaɓe. Haka a batun Badeggi, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris, ɗan jihar Neja kuma ɗan jam'iyyar gwamnan, ya ce NBC kaɗai ke da ikon dakatar da lasisi. Kano kuwa lokacin da ta hana shirin kai tsaye tana hannun NNPP. Ga APC, ga NNPP, ga PDP a zamaninta. Abokaina biyu kowa ya duba nasa.

Amurka ma ta taɓa gwada tilasta daidaito. Daga 1949 hukumarsu ta wajabta wa tashoshi su kawo ɓangarori daban-daban a kan duk batun da ake taƙaddama, kotun ƙolinsu ta amince da haka a 1969 bisa hujjar cewa zangon rediyo kaɗan ne kuma dukiyar jama'a ne. A 1987, zamanin Reagan, suka soke ƙa'idar. Bayan nan rediyoyin ra'ayi ɗaya suka cika ƙasar, har yau suna musun ko sun yi daidai. Hujjar ƙarancin zango kuwa ta yi rauni yanzu da kowane yaro ke buɗe tasharsa a Facebook da TikTok da datar naira ɗari biyar, inda hannun NBC bai kai ba.

Ni ga inda na tsaya. Ba na cikin masu cewa a saki rediyo kara zube. Ƙasar Zuru gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya, ga Lelna, ga Fakkawa, ga Hausawa, ga Fulani, kasuwa ɗaya muke ci. Kalma guda a iska ana gobe zaɓe za ta iya rusa abin da kakanni suka gina. Wanda ya yi ƙazafi ko ya tunzura jama'a a kai shi gaban alƙali, shi da tashar da ta ba shi dama. Amma tilasta raba lokaci daidai, a fara shi daga gidajen da ake biyan albashinsu da harajin kowa. Na taɓa jin wani ma'aikacin gidan rediyon wata jiha, ba zan faɗi wacce ba, yana cewa ɗan takarar adawa ya zo da kuɗinsa a hannu zai sayi lokaci, aka ce masa injin ya lalace, kuma injin bai gyaru ba sai bayan zaɓe. Sashe na 95 don irin wannan aka rubuta shi.

Saura batun alƙalin wasa. Muddin mutum ɗaya ne ke naɗa shugaban NBC kuma shi ke sa hannu a lasisi, ko hukumar ta yi gaskiya ba za a yarda da ita ba. Gyaran yana hannun Majalisar Tarayya: naɗi ya bi ta tantancewar majalisa, wa'adi ya zama ba a tsige mutum don an ji haushinsa, hukunci kuma ya koma kotu kamar yadda Omotosho ya ce. Muna da sanatan Kebbi ta Kudu, muna da ɗan majalisar wakilai. In sun zo neman ƙuri'a, bayan tambayar hanya da tsaro, ni dai zan tambaye su matsayinsu a kan dokar NBC.