Ayarin Borno na 1822–1825: Turawan da gaba ta raba kansu a Kukawa

Ayarin Borno shi ne tawagar bincike da gwamnatin Birtaniya ta tura daga Tarabulus zuwa daular Borno domin gano inda Kogin Neja, wato Kwara, yake ƙarewa, da kuma buɗe hanyar ciniki. A wancan zamani fadar Shehu tana Kukawa ne, domin sai a 1907 aka kafa Yerwa, wadda ta zama Maiduguri mai unguwanni irin su Shehuri da Bulabulin.

Tafiyar ta zo ne lokacin da Birtaniya ke neman aikin yi ga hafsoshinta bayan yaƙe-yaƙen Napoleon. John Barrow na ma'aikatar sojan ruwa, wanda ya tsaya kai da fata aka tura John Ross da William Parry yankin ƙanƙara na arewacin duniya a 1818, yana da ra'ayin cewa Neja na haɗuwa da Kogin Nilu.

Mutum uku ne manyan ayarin: Dakta Walter Oudney, Laftana Hugh Clapperton na sojan ruwa, da Manjo Dixon Denham na sojan ƙasa. Umarnin da aka ba su bai fayyace shugaba ba. Denham ya ɗauka muƙaminsa ya ba shi jagoranci, sauran biyun kuwa suka ƙi amincewa. Har ya kai ga aika wasiƙa yana zargin Clapperton da aikin assha, zargin da ba a tabbatar ba.

Sun bar Murzuk a ƙarshen Nuwamba 1822, suka hango Tafkin Chadi ranar 4 ga Fabrairu 1823, sannan suka shiga Kukawa ranar 17 ga watan, inda Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya karɓe su. Daga nan kowa ya kama gabansa. A watan Afrilu, Denham ya bi wani harin kamun bayi zuwa Mandara duk da adawar abokan tafiyarsa. An ci mayaƙan da yaƙi, Bu Khullum, madugun da ya rako su daga Fezzan, ya mutu da raunin kibiya mai dafi, shi kuma Denham ya sha da ƙyar. Daga baya ya bi gaɓar tafkin har Kogin Shari.

Oudney da Clapperton sun nufi ƙasar Hausa a Disamba 1823. Oudney ya mutu a Murmur, kusa da Katagum, ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton, wanda ake kira Abdullahi, ya isa Kano a cikin watan, ya kai Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da shi kan ciniki da addini, ya kuma ba shi taswirar ƙasar, amma ba a bar shi ya wuce zuwa Yawuri ya ga kogin ba.

An ruwaito cewa a hanyar komawa Tarabulus, tafiyar kwana 133, mutanen biyu ba su yi wa juna magana ba. Littafin tafiyar ya fito a 1826, kuma Denham ya mamaye mafi yawansa, ya rage wa abokansa hakkinsu.

Clapperton ya dawo ta gaɓar teku, ya mutu kusa da Sakkwato a Afrilu 1827. Denham ya mutu a Saliyo a 1828. Hadimin Clapperton, Richard Lander, tare da ƙanensa John, su ne suka bi Neja daga Busa har teku a 1830. Amfanin ayarin da ya ɗore shi ne bayanan da ya rubuta kan Kukawa, Kano da Sakkwato, waɗanda masana tarihi ke dogara da su har yau, duk da cewa hanyoyin da Turawan suka bi fatake da alhazai sun daɗe suna bin su.